Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Wakiliyar Kayan Kicin Za Ta Ƙara Ciniki Ta Hanyar Jerin Kyaututtukan Aure

Daga cikin hanyoyin samun ciniki da matan da ke sayar da kayan kicin gida-gida a Amurka suke sa wa rai, akwai jerin kyaututtukan aure, wato tsarin da amarya da ango ke zaɓar kayan da suke so, a rubuta su wuri guda, 'yan'uwa da abokan arziki su riƙa saye daga ciki. A baki abin yana da daɗin ji, domin aure ɗaya kan tara jama'a masu yawa, kuma kusan kowa yana da niyyar ba da wani abu. A aikace kuwa wakilai da dama suna kukan cewa jerin yana nan a buɗe har a ɗaura aure a watse ba a sayi ko cokali ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi dalilin hakan da abin da ke gyara shi.

Daga ina wannan tsari ya samo asali?

Babban kantin Marshall Field's na birnin Chicago ne aka fi danganta wa fara shi a 1924. Amarya kan je ta nuna irin tangaran da cokulan azurfa da kofunan gilashin da ranta ya kwanta da su, ma'aikatan kanti su rubuta, duk wanda ya zo saya mata kyauta a nuna masa abin da ya rage. Abin da aka so magancewa shi ne mutum huɗu su kawo abu iri ɗaya, alhali abin da gidan ke buƙata babu wanda ya tuna da shi. A yau yawancin jerin yana kan intanet, a kantuna irin su Amazon da Target da Williams-Sonoma, da kuma shafukan shirya biki irin su The Knot da aka kafa a 1996 da Zola da ya zo a 2013. Da zarar an sayi abu sai ya fita daga jerin.

Su wane ne wakilan da ake magana a kansu, kuma me ya bambanta su da kanti?

Wakiliya ba ma'aikaciyar kamfani ba ce kuma ba ta da albashi. Tana ɗaukar samfurin kaya, ta je gidan wata da ta gayyato ƙawayenta, ta yi girki a gabansu, ta karɓi oda, kamfani ya aika kayan, ita kuma ta sami kamasho. Tarihin sana'ar yana da muhimmanci a nan, domin a cikinsa amsar matsalar take. Lokacin da Earl Tupper, mai kamfanin Tupperware, ya fito da robobinsa masu murfin da ke hana iska shiga a 1946, sun daɗe a jere a kantuna ba a saye, saboda mutane ba su gane yadda ake danna murfin ya kama ba. Sai da wata mai sayar da kaya gida-gida, Brownie Wise, ta riƙa nuna su a falon gidaje kasuwa ta buɗe, har a 1951 kamfanin Tupperware ya janye kayansa daga kantuna ya koma ga tarukan gida. Haka ma Doris Christopher, tsohuwar malamar koyar da tattalin gida, ta kafa Pampered Chef a 1980 da rancen dala 3,000 a ɗakin ƙarƙashin gidanta da ke River Forest, kusa da Chicago, a kan tunanin cewa wanda ya ga abu yana aiki shi ne zai saya. Kamfanin Berkshire Hathaway na Warren Buffett ya saye shi a 2002.

Ke nan sana'a ce da aka gina ta a kan nunawa da ido da taɓawa da hannu. Jerin da aka buɗe a intanet aka bar shi ya mayar da kayan inda Tupper ya baro su, wato a jere ba mai yi musu bayani.

Me ya sa amarya kan cika jeri da murna amma babu mai saye?

Domin amarya ba ita ce mai saye ba, kuma yawancin wakilai a kanta suke ƙarar da ƙoƙarinsu. Ana ɗaukar sa'a biyu ana zaɓar tukwane da ita, a buɗe mata shafi, a taya ta murna, sannan a koma a zauna ana jiran oda. Waɗanda kuɗin ke hannunsu su ne gwaggo da inna, abokan aikin ango, maƙwabtan iyaye da ƙawayen makaranta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya san jerin yana nan sai an gaya masa.

Akwai kuma wasu dalilai da ke biyo baya. Galibi amarya tana da wani jerin a babban kanti, kuma shi take sa wa a gaba a shafin bikinta, domin kowa ya saba da shi. Baƙon da ya buɗe shafin kamfanin da bai taɓa saye a wurinsa ba, ya ga sai ya buɗe sabon asusu, ya ga kuɗin aikawa ya hau kan farashi, yakan rufe ya koma inda katinsa ke ajiye tun da daɗewa. Wani kuma yana tuna kyauta ne saura kwana uku biki, lokacin da kayan ba za su iso ba. A ƙarshe akwai amaryar da ba ta da niyyar amfani da jerin tun farko, ta buɗe shi ne kawai don an yi mata alkawarin ƙaramar kyauta a wurin baje kolin biki, ko don ta ji nauyin ƙin amsa wa wakiliya. Irin wannan jerin ba ya motsi ko da an yi masa me, kuma zai fi kyau a gane shi da wuri. Alamar ita ce amarya ba ta yarda ta haɗa wakiliya da kowa daga cikin masu shirya mata biki ba.

Yaushe ya kamata a nemi amare, kuma a ina?

A Amurka baiko ya fi yawa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, wato lokacin bukukuwan ƙarshen shekara da ranar masoya, su kuwa bukukuwan aure sun fi cunkushewa a Yuni da Satumba da Oktoba. Tunda ana buɗe jeri watanni kafin biki, wakiliyar da ta jira har bazara ta makara, domin amarya ta riga ta zaɓi kantunanta. Janairu da Fabrairu ne lokacin magana.

Wurin baje kolin kayan biki yana tara amare da yawa a yini ɗaya, amma kuɗin rumfa yana da nauyi, kuma kowace amarya tana komawa gida da jakar takardun talla da ba za ta buɗe ba. A ganina, hanyar da ta fi albarka ita ce ta cikin tsofaffin abokan ciniki. Matar da ta shekara biyar tana gasa burodi a farantin yumɓun da ta saya a hannun wakiliya, idan aka sa wa 'yarta rana, ba ta buƙatar a lallashe ta, kuma ita ce za ta gaya wa dangi inda za su sayi kyauta. Saboda haka a kowane taron girki ya dace takardar da baƙi ke cikewa ta ƙunshi tambaya ɗaya a kan ko akwai wanda ake shirin yi wa aure a gidansu.

Yaya ake tsara jerin da baƙi za su iya saye daga ciki?

Abu na farko shi ne farashi ya bazu. Idan jerin ya cika da saitin tukwane da saitin wuƙaƙe masu tsada, abokin aiki mai niyyar kashe dala 25 ba zai sami abin ɗauka ba, zai wuce. Ya kamata mafi yawan kayan su kasance masu sauƙi da matsakaicin kuɗi, manyan kuwa su zama kaɗan, a kuma nuna a fili cewa ana iya haɗa kuɗi a saye su. Yawan kayan ma ya ɗara yawan gidajen da aka gayyata, don wanda ya zo daga baya kada ya tarar da abin da kowa ya ƙi.

Ƙananan kaya kuma ba sa yin kwarjinin kyauta idan suna su kaɗai. Babu mai son a buɗe ƙunshinsa a gaban jama'a a ga abin fere dankali guda ɗaya. Wakiliya mai dabara takan haɗa su rukuni-rukuni bisa abincin da za a yi da su, kamar kwanon kwaɓi da kofunan awo da maburgi da farantin gashi a matsayin kayan yin kek, ta sa musu farashi ɗaya. Mai saye yana ganin cikakkiyar kyauta, odar kuma ta ƙaru ba tare da an matsa wa kowa ba.

Sai a lura da cewa amaren yanzu ba irin na 1924 ba ne. Matsakaicin shekarun auren fari a Amurka ya kai wajen 30 ga maza da wajen 28 ga mata, kuma da yawa sun daɗe da barin gidan iyaye, suna da tukwane da faranti. Tambayar da ta dace da su ita ce wane abu ne a kicin ɗinsu ya tsufa, wanne ne yake ba su haushi kullum, kuma wane abinci suke son iya dafawa. Ango ma a sa shi cikin zaɓen, domin danginsa sun fi sakin hannu idan sun ga abin da shi da kansa ya nuna.

Ta yaya baƙi za su san da jerin ba tare da an jawo wa amarya abin kunya ba?

Amurkawa ma suna da tasu kunyar a wannan wuri. A al'adarsu ba a rubuta bayanin jeri a katin gayyatar aure, domin yana kama da roƙo. Inda aka yarda a sa shi shi ne katin liyafar amarya, wadda ƙawaye ko dangi ke shiryawa kafin biki, da shafin bikin a intanet, da kuma bakin uwa da babbar ƙawa idan an tambaye su. Wannan ya nuna cewa mutum mafi muhimmanci ga wakiliya bayan an buɗe jeri ita ce mai shirya liyafar. A nemi izinin amarya a yi magana da ita, a ba ta ƙananan katuna masu ɗauke da adireshin jerin da lambar wayar wakiliya da ranar ƙarshe ta yin oda, ta saka su cikin katin gayyata. Lambar wayar tana da amfani fiye da yadda ake zato, saboda kakanni da dattawan dangi su ne suka fi kashe kuɗi a kyauta, kuma su ne ba sa son cike-ciken intanet. Haka kuma a tabbata jerin ya bayyana a shafin bikin kusa da na manyan kantuna, ba a can ƙasa inda ba a kaiwa ba.

Shin liyafar girki ta fi jerin intanet kawo ciniki?

Ta fi, nesa ba kusa ba, kuma wakiliyar da ta raba su biyu ta yi asarar ƙarfinta. Yadda ake yi shi ne a mayar da liyafar amarya taron girki. Wakiliya takan yanke hoton kowane abu da amarya ta zaɓa ta manna a kati, da farashinsa a baya, ta jera katunan a tebur ko ta rataye su a igiya da matsamin shanya. Amarya ta ɗaura sabuwar rigar girki, ita ce za ta yanka albasa da na'urar da ta sa a jerinta, ita ce za ta fito da gashin daga obin, baƙi suna kallo suna tsokanarta. Bayan an ci, kowa ya je ya cire katin abin da zai saya mata. Katin da aka cire ya fita ke nan, babu maimaici, kuma tebur yana raguwa a gaban idon kowa, wanda hakan kan zaburar da mai jinkiri. Ga manyan kaya a ajiye ambulan da sunan abin a bayansa, duk mai so ya zuba abin da ya samu ba tare da an san nawa ba ne.

Amfanin wannan tsari ya wuce kyautar amarya. Wadda ta zo saya wa amarya wuƙa takan ga yadda take yanka tumatir ta ce a sa mata guda, wata kuma ta nemi a yi irin taron a gidanta. Sannan ladan kaya kyauta ko rangwame da kamfani ke ba uwar taro, wato wadda aka yi taron a gidanta, ana iya karkatar da shi ga amarya ta cike giɓin jerinta, idan dokokin kamfanin sun yarda. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: katin gayyata ya faɗa a fili cewa a wurin za a sayi kyauta, don kada wata ta zo da ƙunshinta ta ji an yi mata kwanton ɓauna.

Za a iya yin gasa da manyan kantuna?

A wajen saurin aikawa da sauƙin mayar da kaya da yawan zaɓi, ba za a iya ba, kuma bai kamata wakiliya ta ce wa amarya ta rufe jerinta na kanti ba. Zanin gado da tawul da kayan lantarki suna can. Abin da za ta nema shi ne a bar mata ɓangaren girki. Kasuwar ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Kantin Bed Bath & Beyond, wanda ya daɗe yana cikin manyan wuraren buɗe jerin aure, ya bayyana karyewa a Afrilun 2023 ya rufe kantunansa, Tupperware kuma ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Satumbar 2024. Ga kuma ma'aurata masu neman a ba su kuɗin tafiya ko na sayen gida maimakon kaya. Duk da haka a kowane dangi akwai masu ganin kyauta sai an ƙunshe ta an miƙa, kuma su ne rabon wakiliya. Abin da take da shi da kanti ba shi da shi shi ne ta san amarya, tana iya gaya wa mai saye wane abu ne amaryar ta fi ɗoki, kuma idan kasko ya sami matsala bayan shekara akwai wadda za a kira da sunanta.

Me ya rage a yi bayan biki?

A miƙa wa amarya jerin wanda ya sayi me, domin rubuta katin godiya wajibi ne a al'adarsu kuma aiki ne mai gajiyarwa. Manyan kantuna kan ba ma'aurata rangwame a kan abin da ya rage a jeri, saboda haka wakiliya ta shirya nata tayin, wanda galibi shi ne taron girki na farko a sabon gida bayan wata biyu ko uku. Kiran waya na koya mata kula da farantin yumɓu, cewa ba a wanke shi da sabulu kuma duhun da yake yi alamar ya yi kyau ne, yana hana a jefa shi a bayan kabad.

Wace doka ko ƙa'ida ce ya kamata a kiyaye?

Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta ba mai saye kwanakin aiki uku na fasa cinikin da aka yi a gidansa idan ya kai dala 25, ko a wurin wucin gadi kamar otal ko filin baje koli idan ya kai dala 130, kuma wajibi ne a sanar da shi wannan haƙƙi a rubuce. Dokar CAN-SPAM ta 2003 ta tilasta wa mai aika imel na talla ya sa adireshinsa da hanyar da mutum zai ce a daina aiko masa. Ko ba don doka ba, sunayen baƙin amarya amana ce, ba a mayar da su jerin talla sai da yardarsu. Liyafar amarya kuma ba wurin jawo mutane su shiga sana'a ba ne. Mai sha'awa za ta tambaya da kanta daga baya.

Nawa ne ainihin ribar?

A ɗauki misalin kamasho na kashi 20 cikin ɗari. Jerin dala 1,000 da aka saye kakaf zai ba wakiliya dala 200, idan kuwa na dala 150 kawai aka saya, dala 30 ce, wadda ba ta biya kuɗin mai da katuna ba. Saboda haka ba yawan jerin da aka buɗe ne ma'auni ba. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne nawa daga ciki suka kai ga liyafa, da sabbin taruka nawa aka samu daga baƙinsu.

Shin irin wannan zai yi aiki a ƙasar Hausa?

Ba a yadda yake ba, amma ƙashin bayansa yana nan tun da daɗewa. A wurinmu iyayen amarya ne ke yin kayan ɗaki, kuma uwa kan fara tari tun 'yarta tana ƙarama, ta shiga adashe, ta sayi kwanuka da tangaran ta ajiye. Sayar da kaya gida-gida ma ba baƙon abu ba ne, dillalai sun daɗe suna shiga gidajen matan aure da ƙunshinsu, yanzu kuma da yawa sun koma WhatsApp da Instagram, suna saro kaya daga kasuwanni irin su Sabon Gari a Kano. Matsalar maimaici ma tana nan: ranar jere sai a tarar da kuloli da filas iri ɗaya sun yi tuli, alhali babu tukunyar tuwo mai kyau ko wuƙar kirki.

Bambancin shi ne amarya ba za ta fito ta ce ga abin da take so a saya mata ba, domin za a ce ba ta da kunya, kuma za a ce iyayenta sun gaza. Jerin sai dai ya zauna a hannun yayarta ko ƙanwar mahaifiyarta ko babbar ƙawa, a nuna wa wadda ta tambaya me ya rage. Ƙawaye kuwa sun saba haɗa kuɗi, kamar yadda suke yi wajen anko, don haka gudummawar haɗin gwiwa a kan abu babba guda ɗaya ita ce ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa. Wadda mai sayarwa za ta fara shawo kanta ita ce Hajiya, uwar amarya, ba amaryar ba.

Sai batun farashi. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kayan da ake shigowa da su ba sa zama a kuɗi ɗaya, saboda haka mai sayarwa ta faɗi iya kwanakin da farashinta zai tsaya, ta karɓi kafin alƙalami ta ware kayan, ta ba da rasit ko da ga 'yar'uwa ce, kuma ta tabbata komai ya isa kafin ranar jere. Ta kuma rubuta wa uwar amarya sunan kowace mai gudummawa da abin da ta saya da kuɗinsa, domin gudummawar biki ramawa ake yi, kuma da wannan takarda Hajiya za ta san abin da za ta kai idan bikin 'yar wata ya tashi.